Shekarar da Mma Ta Bar Burodi

Ni tela ne. Shagona yana unguwar Kanvili, amma gidan da aka haife ni yana unguwar Tishigu, babban gida mai tsakar gida ɗaya, ɗakuna sun zagaye ta, kowane ɗaki da iyalinsa. A nan mahaifiyata take, wadda muke kira Mma, a ɗakin da ta shiga tun tana amarya. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Mu biyu ne 'ya'yanta da suka rayu, yayata da ke aure a Kumasi, sai ni. Matata malamar makaranta ce, an tura ta wani ƙauye bayan Savelugu, sai Juma'a da yamma take dawowa. Don haka da ciwo ya zo wa Mma, ni ya tarar a kusa.

Sana'ar Mma girkin biki ce. Duk wanda ya yi aure ko suna a unguwarmu a wancan zamani, da wuya a ce bai ci tuwonta ba. Ita da ƙawarta suke yi, wata Badagomba da ke zaune a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu, wadda na tashi ina kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Sun fi shekara talatin suna ɗora manyan tukwane tare.

Ciwon ya fara da hannun dama. In ta ajiye shi a cinya sai ya riƙa rawa, yatsun suna murzawa kamar tana jan tasbaha. Daga baya tafiyarta ta gajarce, in ta zo bakin ƙofa sai ƙafafun su kafe kamar an riƙe su. Muryarta ta yi ƙasa. A babban asibiti aka ce mana cutar Parkinson ce, ba a warkewa, amma akwai ƙwayoyin da ke sassauta ta. Ranar da muciya ta kuɓuce mata, tafasasshen talge ya fallatso mata a ƙafa, ranar muka raba ta da murhu. Ba ta yi gardama ba. Ta dai zauna tana kallon tukunyar har wata mata ta zo ta ƙarasa tuƙin.

Daga nan ciyar da ita ya dawo hannuna, ni da ban san komai a girki ba sai dafa ruwa. Kullum da safe in na fito daga masallaci sai in hau babur in tsaya wurin mai burodi a bakin titi, in karɓi mai zafi, in wuce Tishigu. In haɗa mata shayi da madara, in yayyanka mata burodin ta tsoma. Ba tauna, ba wuta, ba wanke tukunya. Da rana taliya nake dafa mata har ta yi laushi. Da yamma matan gida kan zubo mata tuwo, amma sau da yawa takan ce ya yi mata nauyi, sai mu sake komawa shayi da burodi. In salla ta gabato, ɗinki ya yi mini yawa, takan wuni a kan wannan kaɗai. Mutanen gida suna yabona, suna cewa Allah ya ba Mma ɗa. Ni ma, gaskiya, ina jin daɗin yabon.

Cikin shekara ta biyu sai ta fara lalacewa ta wata hanya dabam. Cikinta ya riƙa kumbura yana ƙugi. Zawo ya zame mata kamar na kullum, abin da ya fi komai ci mata rai, domin mai ƙafa a ɗaure ba ya isa banɗaki da wuri. Ni nake ɗinka mata riguna, don haka ba sai an gaya mini tana ramewa ba. Sau biyu ina rage mata su a kafaɗa da ƙugu, na biyun ma ban gaya mata ba, na ɗauke su ne na gyara na mayar cikin akwati. Ƙwayoyin da take sha kuma sai suka zama kamar ba sa aiki. Duk muka ɗora wa ciwon rawar jiki. Yayata ta aiko da saiwoyi daga Kumasi, aka jiƙa, aka sha, ba abin da ya canja. Da na ga ba ta iya cin komai, sai na ƙara mata abin da na ga tana iya haɗiya, wato burodi.

Wata ranar Talata na ɗauko yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, muka je ganin likita kamar yadda muka saba. Muka tarar da wata sabuwa, matashiya, mai sanyin magana. Ta duba katin Mma, ta sa aka ɗora ta a sikeli, ta daɗe tana kallon abin da aka rubuta a baya. Sai ta juyo gare ni ta ce in faɗa mata duk abin da Mma take ci tun daga safe har ta kwanta. Na lissafa mata da ƙarfin gwiwa, har da sunan irin burodin. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun da muka hana ta girki. Ta tambayi ko ciwon cikin ya riga burodin ko burodin ya riga shi. Na yi lissafi, sai na ga burodin ne ya riga.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a cikin alkama akwai wani abu mai danƙo, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya riƙa jawuwa, ana ce masa gulutin. Yawancin mutane suna cinsa lafiya, amma akwai waɗanda hanjinsu bai yarda da shi ba. In suka ci, hanjin kan ƙuje daga ciki, abinci ya wuce bai amfani jiki ba, magani ma haka. Ta ce ba ta tabbatar ba tukuna, sai an ɗebi jini an aika kudu, amma tana zargin abin da ke cin Mma ke nan, kuma ba shi da alaƙa da rawar jikin, ciwo biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya.

Muka kama hanyar dawowa. Ina tuna safiya nawa na tsaya ina yayyanka burodin nan da hannuna ina miƙa mata, ina cewa ta daure ta ƙara ɗaya. Mma ta lura da ni. Da muka tsaya a danja sai ta ɗora hannunta mai rawa a gwiwata, ta ce, “Abin da ka sani ka ba ni.” 

Bayan 'yan makonni sakamako ya dawo, ya goyi bayan likita. Ta rubuta mini abubuwan da za a bari: burodi, taliya, biskit, cincin, fanke, duk abin da fulawa ta taɓa. Ta ce har dunƙulen ɗanɗanon miya in riƙa karanta jikin takardarsa, domin wasu da alkama ake haɗa su. Na tambaye ta to me ya rage. Ta yi murmushi ta ce gero, dawa, masara, shinkafa, doya, rogo, wake, gyaɗa, ganye, kifi, nama, wato duk abin da ƙasar nan take nomawa. Ta ƙara da cewa a ba Mma ƙwayar da ruwa kawai, a jira kamar rabin awa kafin abinci, nama da wake kuma a bar su zuwa yamma don kada su tare wa maganin hanya da rana.

Saura tambaya ɗaya, wa zai dafa. Matata ta ce za ta nemi a dawo da ita gari, amma wannan ba abu ne na rana ɗaya ba. Ina zaune a bakin ɗakin Mma da takardar likita a hannu sai Gwaggo ta fito. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk “ka” take ce musu, duk “shi” ne a bakinta. Ta sa na karanta mata takardar, na fassara, ta saurara tana gyaɗa kai. Ta ce gwiwoyinta sun gaji, ba za ta iya ɗaukar girkin mutum biyu kullum ba, amma bakinta bai gaji ba. In ina da hannu, ita tana da sani.

Haka na shiga makarantar Gwaggo ina ɗan shekara arba'in da wani abu. Ta fara da koko. Ta koya mini jiƙa gero, kai shi niƙa da citta da kanumfari, tacewa, barin gasara ta kwanta. Ta ce na Mma ya yi kauri, domin ta lura ruwa-ruwa ne ke sarƙe ta. Sai tuwo. Ranar farko da na durƙusa gaban murhu na danne tukunya da ƙarafan da ake takawa don kada ta motsa ina tuƙi, matan gida suka fito bakin ƙofofinsu, wata ta ce yau tela zai ɗinka tuwo. Aka yi dariya, ni ma na yi. Tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwa. Mma ta ɗebi loma ɗaya, ta juya ta a baki, ta ce wuta ta yi yawa, kuma na zuba gari gaba ɗaya kamar mai gudun ruwan sama. Tun da ciwon ya kama ta ban ji ta yi doguwar magana irin wannan ba.

A hankali hannuna ya faɗa. Na iya miyar ayoyo, wato lalo, na iya ta busasshiyar kuɓewa da daddawa da garin kifi, ba dunƙule ko ɗaya. Na iya tubani, garin wake da ake naɗewa a ganye a turara, wanda muke ba ta da yamma da ɗan man kaɗe. Matan da suka yi mini dariya su ne suka koma aiko mini da ganye in sun dawo daga kasuwa, wata ma ta ware ludayi da ƙwarya ta ce na Mma ne, kada a haɗa da na kowa. Matata in ta zo ranar Juma'a sai ta karɓe ni, in samu in zauna a kan keken ɗinki in rage ɗinkin mutane. Na rasa wasu masu kawo ɗinki a wannan shekara, domin shagon ba ya buɗewa da wuri, amma waɗanda suka san dalili sun jira ni.

Kafin wata biyu zawon ya tsaya. Cikin ya sace. Ta fara cinye abin da ke kwano har tana tambayar ko da saura. Rawar hannun tana nan, ba ta tafi ba kuma ba za ta tafi ba, amma ƙwayar ta koma kamawa, bayan ta sha takan iya tashi da kanta ta taka zuwa inuwar bango. Wata rana na ga rigar da na rage ta matse ta a hammata. Na kai ta shago na farke ɗinkin da na yi a ɓoye, ina farkewa ina hamdala.

Sai a wata na biyar abin ya dawo. Ba kamar da ba, amma ya dawo: kumburi, ƙugi, kwana biyu tana fama, sai ya lafa, bayan mako ya sake tasowa. Na bi komai. Na wanke tukwane da toka. Na zargi mai injin niƙa, na ce ko yana niƙa wani abu kafin namu, na ɗauke geronmu na kai wani inji a unguwar Gurugu. Na daina sayen ƙosai a waje don kada a ce ana ƙara masa fulawa. Duk da haka bai daina ba.

Wata rana da azahar aka ɗauke wuta a Kanvili, na rufe shago na taho gida a lokacin da ba a saba ganina ba. Ɗakin Mma ba kowa. Na ji motsi a ɗakin Gwaggo, na yi sallama na ɗaga labule. Mma na zaune a bakin gado, Gwaggo ta riƙe mata kofin shayi, a hannun Mma kuma guntun burodi, ya jiƙe yana ɗiga.

Abin da na yi a wannan lokaci har yau ina jin kunyarsa. Na ɗaga murya a kan Gwaggo, matar da ta goya ni a bayanta. Na ce mata wata biyar ina shan hayaƙi, ita kuma tana rushe mini aiki a ɓoye. Na ce ko so take ta kashe Mma.  Gwaggo ta ajiye kofin a ƙasa ta sunkuyar da kai.

Mma ta yi mini alama in matso. Sai da na durƙusa na kai kunnena kusa da bakinta sannan na ji ta.

“Ni na roƙe ta,” in ji ta. “Ta ƙi, na yi ta roƙo har ta yarda. Kai ka ce ga lokacin magani, na sha. Kai ka ce ga abin da zan ci, na ci. Ka kwantar da ni, ka tashe ni. Duk alheri ne, na sani. Amma tun da aka raba ni da murhu ba wanda ya tambaye ni me nake so. Wannan kaɗai ne abin da na ce ina so da bakina.”

 Na karɓi burodin daga hannunta, ta sakar mini ba musu. Na taimaka mata ta koma ɗakinta.

Bayan la'asar na koma wurin Gwaggo, na cire takalmi na tsuguna a gabanta kamar yadda Dagomba ke yi wa manya, na ba ta haƙuri. Ta bar ni a tsugune na ɗan lokaci, kuma na cancanci haka. Sannan ta ce, “Ƙawana ya yi kuka. Shekara talatin ban ga shi ya yi kuka ba. Ni ban iya gani.” Ta ce ita a tunaninta ɗan guntu sau ɗaya a mako ba zai yi komai ba, ai ba guba ba ne, kowa yana ci. Na ce ni ma da haka na ɗauka.

Da ranar asibiti ta zagayo, mu uku muka shiga yalo-yalo. Na gaya wa likita abin da ya faru, har da ihun da na yi. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta juya harshe zuwa Dagbanci, yaren Dagomba, ta yi wa Gwaggo bayani tun daga farko, ta kwatanta mata da gyambon da ya fara warkewa a riƙa sosa shi. Gwaggo ta yi ta tambayoyi, wasu ma ni ban taɓa tunanin yi ba. Daga nan likita ta juya ga Mma, ba gare ni ba, ta tambaye ta me ta fi kewa a burodin. Mma ta ce ba ɗanɗanon ba ne sosai, tsomawar ce. Tana son abin da za ta riƙe da hannunta ta tsoma a shayi, domin cokali yana zubar mata, shi kuwa burodi ko hannu na rawa yana isa baki.

Ni da nake tare da ita kullum ban taɓa lura da wannan ba. Tun da aka hana burodi, kusan komai ni nake ba ta a baki.

Gwaggo ce ta samo mafita. Ta jiƙa shinkafa, muka kai niƙa, ta kwaɓa ta bar ta ta tashi, ta fito da tsohuwar tandarsu ta biki ta soya waina masu kauri, ba mai da yawa, ta bar su suka huce. Da safe na haɗa shayi na ajiye wa Mma biyu a faranti, na koma gefe na zauna na harɗe hannuwana don kada in taimaka. Ta ɗauka, ta tsoma, rabi ya gutsure ya faɗa cikin kofin, rabi ya isa. Ta tauna ta haɗiye. Gwaggo ta tambaye ta yaya. Ta ce ba burodi ba ne, kada a yaudare ta, amma za ta ci. Ta ce gobe a rage tsami. Sai da aka yi kwaɓi huɗu kafin ta daina gyara.

Tun daga ranar na canja tsari. Kowace yamma kafin in tafi nakan tambaye ta me za a dafa gobe, in kuma yi abin da ta ce in dai ba ya cikin takardar likita. Wani lokaci takan zaɓi abin da ya fi ƙarfina, kamar wasawasa, sai mu kwashe rabin yini ni da Gwaggo muna fama da garin doya, ita tana kan kujera kusa da murhu tana ba da umarni. Na riƙa yanka mata doya dogo-dogo, ina murza tuwo ƙanana, duk abin da za ta iya ɗauka da yatsu. Tana ɓata riga, tana daɗewa, abinci kan huce kafin ta gama. Na koyi yin shiru in bar ta.

Yanzu shekara uku ke nan. An dawo da matata gari, mun tare a ɗakin da ke kusa da na Mma. Ciwon rawar jiki yana tafiyarsa, bana ta fi bara rauni, akwai ranakun da ko magana ba ta iya yi sosai. Amma cikinta lafiya, jikinta da nama, kuma tana zama cikin mutane ba tare da fargabar abin kunya ba. In na tuna yadda muka kusa rasa ta a kan abin da muke saya da hannunmu, sai in yi wa likitar nan addu'a, ita da ta tsaya ta yi tambayar da ba wanda ya yi. Gwaggo kuwa ba ni da bakin gode mata. Ita ce yanzu mai tsaron ƙofa. Duk baƙon da ya shigo da leda zai gai da Mma, sai ta buɗe ta duba tukuna, in biskit ne ta raba wa jikokinta a gaban mai shi.

Bayan girbin da ya wuce, Mma ta ce geron da nake sayowa ba shi da kyau, kokonsa ba ya ƙamshi, in kai ta ta zaɓa da kanta. Na so in ce rana ta yi zafi, kasuwa da cunkoso, amma na haɗiye. Muka jira ƙwayar safe ta kama, na kira yalo-yalo ya kai mu har bakin layin masu hatsi. Ta riƙe hannuna, Gwaggo ta riƙe ɗayan, muka taka a hankali. A wurin mace ta farko ta ɗebi gero ta shinshina ta mayar. A ta biyu ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza, ta ce na bara ne aka gauraya. Ta ukun tsohuwa ce, ta ɗago kai ta gane Mma, ta miƙe tana tafa hannu, ta ce ai wannan ce ta yi girkin auren 'yarta. Ta jawo kujera ta zaunar da Mma a inuwa, suka shiga hirar mutanen da, wa ya rasu, wa ya koma Yendi. Ni na tsaya riƙe da buhu ba komai a ciki har kusan azahar, sannan Mma ta tuna da abin da ya kawo mu, ta ce a auna mata kwano uku.